Bindigar gado, takardu biyu da maganar ɗurin harsashi: yadda na bi layin a Damagaram

Bindigar Baikal ce mai baki ɗaya, ƙirar Rasha, kalibar 12 (ma'aunin faɗin bututunta ke nan), irin wadda ake karyawa a tsakiya a sa harsashi guda. Gado ce. Ta zo da wata tsohuwar takarda mai sunan marigayi mahaifinmu, mu kuwa muka ɗauka tunda takarda na nan shi ke nan. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Ranar da na je wurin wani mai izinin sayar da kayan farauta neman harsashi, ya karɓi takardar, ya dubi hoton, ya dube ni, ya miƙo mini abata ya ce, "Malam, mai wannan takarda ya zo da kansa." Da na ce masa ai ya rasu, sai ya yi masa addu'a, sannan ya ce to takardar ma ta bi shi. Izinin riƙe bindiga sunan mutum ɗaya yake ɗauka, ba a gadonsa kamar gona. A hanyar komawa gida wani ya ba ni shawarar in bar wahalar da kaina, wai akwai masu tara kwanson da aka harba su sake ɗura shi da araha. Zan dawo kan wannan magana can gaba, don sai da na gama bin ofisoshi na samu cikakkiyar amsarta.

Abin da ya fi rikita mutane, ni ma ya rikita ni, shi ne takardun biyu ne, daga hukumomi biyu. Ta farko izinin mallakar bindiga, wannan harkar ma'aikatar cikin gida ce, kuma ta hannun 'yan sanda ko jandarmomi take bi. Ta biyu parmin farauta, na jami'an gandun daji. Mai ta farko yana da ikon ajiye bindiga amma ba shi da ikon harbin ko kurciya. Ta biyun kuwa ba a ba ka ita da bindiga sai ka nuna ta farko. Ni da na fara da ofishin gandun daji, wuni guda na ɓata kafin a nuna mini cewa ta wutsiya na kamo abin.

Matakin farko a gida yake. Tunda kayan gado ne, sai magada sun yarda cewa bindigar ta faɗo a rabon wane. Muka zauna gaban mai unguwa da shaidu biyu, aka rubuta, kowa ya sa hannu, waɗanda ba su yi lakkol ba suka dangwala. Daga nan na karɓo takardar rasuwa a ma'aikatar magajin gari, na haɗa da ta zaman iyali na kai kotu aka tabbatar. Wannan ya ci mini mako uku, kuma yawancin jinkirin namu ne, don wata ƙanwarmu tana aure a Tanut sai da muka jira zuwanta. Wanda duk ya san yana da magaji a nesa ya fara kiransa tun kafin ya taka ƙofar kowane ofishi.

Sai komisariya, wato ofishin 'yan sanda. A nan ina roƙon mai karatu ya saurara da kyau: kada ka saɓi bindiga ka nufi ƙofar 'yan sanda kai tsaye, balle a irin wannan zamani da kowane mai gadi idonsa a buɗe yake. Ka je hannu rabbana, da katin ɗan ƙasa da tsohuwar takardar, ka faɗi abin da ke tafe da kai, ka kuma tambaya ko ana karɓar irin wannan dosiye, wato tarin takardun neman izini, a lokacin, don yanayin tsaro yakan sa hukuma ta dakatar ko ta ƙara tsanani. Su za su faɗa maka ranar da za ka kawo ta da yadda za ka kawo ta. Ni an ce in raba ta, bututu daban, ƙota daban, ba harsashi ko ɗaya a jikina, in naɗe cikin buhu. Duk da haka da kabu-kabu ya sauke ni gabana sai da ya faɗi. Tun daga nesa na ɗaga murya na ce wa na bakin ƙofa, "Shef, bindiga ce a buhun nan, an ce in kawo yau," na ajiye ta ƙasa na ja da baya. Ya kira na ciki, aka shiga da ni.

A ciki suna rubuta abu huɗu: sunan kamfani, kalibar, yawan baki, da lambar bindiga. Lambar nan ce ta kusa ja mini matsala. A tsohuwar takarda akwai 8 a tsakiya, a jikin ƙarfen kuwa tsatsa da tsohon mai sun cike gurbin har ana ganinta kamar 3. Jami'in ya juya ta ya sake juyawa, ya ce in lambobi ba su dace ba, a wurinsa bindigogi biyu ke nan. Sai da aka cire katakon da ke ƙarƙashin bututu, inda kamfani ya sake buga lambar, aka goge da tsumma da ɗan kananzir, 8 ɗin ta fito sarai. Ka duba wannan tun a gida. Amma tsumma da mai kawai, kada ka kusanci lambar da zarto ko takardar gurza ƙarfe, domin lambar da aka ga alamar kankara a kanta ta fi wadda ba ta karantuwa muni. Bayan rubutu suka riƙe bindigar, suka ba ni takardar shaidar ajiya mai hatimi. Na yi mata fotokofi uku a ranar.

Abin da aka nema a dosiyena: wasiƙar roƙo da rubutun hannu da tambur a kanta, takardar haihuwa, takardar zama ɗan ƙasa, takardar shaidar mazauni, takardar likita, hotuna, takardun gadon nan, da kaziye, wato takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure ka ba. Kowace kofi sai an buga mata hatimin cewa daidai take da ta asali, kuma kowane hatimi da tamburinsa. Kuɗin ba su da yawa in an bi su ɗaya-ɗaya. Fotokofi dala biyar-biyar, hotuna jika guda, kabu-kabu dala arba'in zuwa sittin kowace tafiya. Tambura da hotuna da kofi gaba ɗaya ba su kai mini jika goma ba. Zirga-zirga ce mai cin aljihu, ita da wunin da mutum ke barin sana'arsa.

Kuskure biyu na yi a nan, duka nawa. Na farko kaziye. Wata uku kawai take aiki daga ranar da aka sa mata hannu, ni kuma ita na fara karɓowa tun ana maganar zaman iyali, saboda an ce mini a kotun wurin haihuwa ake ba da ita, ni kuwa a Magariya aka haife ni. Na yi murna na gama da mai nisa. Kafin sauran takardu su haɗu saura mata kwanaki kaɗan, aka ce gara in sabunta da a mayar da dosiyen daga sama. Na sake hawa mota. Kaziye ita ce ta ƙarshe da ya kamata a nema. Na biyu rubutun suna. A takardar haihuwata sunan mahaifi ya ƙare da harafi ɗaya fiye da yadda yake a tsohuwar takardar bindiga, irin Abdou a nan, Abdoul a can. A bakinmu mutum ɗaya ne, a takarda mutum biyu. Sai da na nemo shaidar cewa sunayen biyu na mutum guda ne. Ka baje takardunka a tabarma ka bi su harafi-harafi, da suna da ranar haihuwa, kafin wani ya bi maka su.

Bayan an karɓi dosiye aka ba ni lamba, sai binciken hali. Kwana goma sha biyu bayan nan aka kira ni. Tambayoyin ba masu wuya ba ne, amma ana rubuta kowace amsa: me kake so da ita, ina za ka ajiye, yara nawa ne a gidan, kana da rigimar gona ko ta fili da wani, ka taɓa shan wani abu. Wani jami'i kuma ya zo unguwa ba da sanina ba, ya gana da mai unguwa da maƙwabta biyu, sai da yamma na ji labari a bakin masallaci. Maganar wurin ajiya ita suka fi tsayawa a kai. Amsar da ke gamsar da su ita ce akwatin ƙarfe mai kwaɗo, bindiga a rabe, harsashi a wani wuri daban shi ma a kulle, mabuɗi a jikinka. Ƙarƙashin katifa ko bayan ƙyaure ba amsa ba ce. Na sa maƙeri ya yi mini akwatin kafin ranar, kuma na tafi da hotonsa a waya.

Daga nan sai jira, don takardar sai ta je Yamai ta dawo, tafiyar kusan kilomita 900. Wata biyu da 'yan kwanaki na yi. Nakan leƙa duk mako biyu, da safe, Talata ko Laraba. Ranar Juma'a da wuri ake tashi, kada ka ɓata man babur. Lambar dosiye ita ce bakin maganarka, in ba ka da ita sai an yi ta tonon rajista. A wannan tsakanin ne masu "na san wani a sama" ke fitowa. Mutum biyu suka tare ni a waje, kowanne da farashinsa. Ban ba kowa ko dala ba. Takardar bindiga ta jabu ta fi rashin takarda haɗari, domin wanda ba shi da ita laifi ɗaya gare shi, mai ta jabu biyu. Duk kuɗin da ka biya a wannan hanya, in babu rasit to ba na hukuma ba ne. Ranar da ta fito na sa hannu a rajista, na mayar da takardar ajiya, aka miƙo mini buhuna yadda na kawo shi.

Ofishin gandun daji ya fi sauri, kwana biyu. Na kai kofin izinin bindiga, katin ɗan ƙasa da hotuna, na biya, aka ba ni rasit. Dokar da suke aiki da ita ita ce mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998, wadda ta tsara farauta da kare namun daji. Parmin iri-iri ne: akwai na masu binciken kimiyya, na masu kamun dabbobi don kasuwanci, na farautar gargajiya, na farautar wasa wanda ya kasu ƙarama da matsakaiciya da babba, har da na masu kallo da ɗaukar hoto. Kuɗin ya danganta da irin parmin da kuma ko kai ɗan ƙasa ne ko baƙo. Mai kalibar 12 da ke neman zabon daji, fakara, hasbiya, zomo da agwagin ruwa, na ƙaramar farauta ya ishe shi. Jami'in da ya ba ni ya zaunar da ni ya karanta mini hane-hane: ba farautar dare da fitila, ba bin dabba da mota, ba sa wa daji wuta, ba guba, ba makamin yaƙi, ba harbi a gandun da aka keɓe. Minista ne ke sanar da ranar buɗe farauta da ranar rufewa, parmi a aljihu ba ya buɗe lokacin da aka rufe. Akwai kuma dabbobin da ba a taɓa su ko da wane parmi, irin su jimina, raƙumin dawa, giwa, dorina da adaks, farar dabbar saharar nan da 'yan kaɗan ɗinta suka rage a daji a yankin Termit da Tin Tumma, gandun da aka kafa a 2012 wanda wani sashensa ke cikin jiharmu.

Sai a lokacin na koma wurin mai harsashi, ya rubuta sunana da lambar izini da yawan da na saya. Abu biyu ake dubawa a kwali. Na farko tsawo. A jikin bututu akwai rubutu 12/70 ko 12/76, wato tsawon ɗakin harsashi da milimita. Tawa 70 ce. Tarkon da ke nan shi ne ana auna harsashi ne bayan bakinsa ya buɗe, don haka na 76 da ba a harba ba zai shige ɗakin 70 lafiya lau, bindiga ta rufe. In aka harba, bakinsa ba shi da wurin buɗewa, sai matsin ya hau. Iyakar matsin da aka yarda wa 12/70 bar 740 ne, na 12/76 kuwa 1050, alhali tayar mota bar biyu da ɗan wani abu take ɗauka. Na biyu lambar ƙwayar dalma, wadda in ta yi sama ƙwaya ke ƙanƙancewa. Lamba 4 milimita 3.25 ce, ta zabo da agwagwa. Lamba 6 milimita 2.75, ta fakara da zomo. Lamba 8 ta kurciya. Harsashi mai giram 32 na lamba 6 yana ɗauke da ƙwaya wajen 260. Kisa mai tsabta ba ya wuce mita 35 zuwa 40, amma ƙwayoyin suna tafiya sama da mita 200, kuma a dajinmu bayan kowace sabara ana iya samun makiyayi.

Yanzu ɗurin harsashi. Gaskiya ne a Amurka da Faransa mafarauta da masu gasar harbi suna ɗura nasu a gida bisa doka, kuma suna amfana. Harsashi kashi huɗu ne: kwanso, hular da ke kama wuta, albarushi da dalma, na irin bindigata kuma da ƙarin toshiyar roba tsakanin albarushi da dalma. A bindigar harbin nesa mai jefa ƙwaya ɗaya kwanson na farin tagulla ne, shi ya fi tsada, kuma yana jure ɗuri sau da yawa, nan arahar take. Suna kuma iya daidaita harsashi da bindigarsu har harbi ya riƙa faɗawa wuri guda, ko su raya tsohuwar bindigar da kamfani ya daina yi wa harsashi. Amma duk wannan ya tsaya ne a kan abubuwan da ake saye a kanti da sunansu: albarushi mai lamba, littafin awo da aka gwada a ɗakin gwaji, da ma'auni mai gane abin da bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na giram ba. Albarushin zamani iri-iri ne, wani mai saurin ci wani mai jinkiri, a ido kuwa kusan duk ɗaya. Awon da ya yi daidai da wannan, da wancan fasa ƙarfe yake.

A nan ba mu da ko ɗaya daga ciki. Kwansonmu na roba ne, wanda rana ta gasa, bakinsa ya tsage. Albarushin da ke yawo ba a san asalinsa ba, awon kuma da murfin kwalba ne ko da ido. Na tambayi jami'in gandun daji, amsarsa gajera ce: izinin da ke hannuna na riƙe bindiga ne da sayen harsashi ta hanyar da aka sani, ƙera harsashi wani babi ne da ba a ba ni ba. Na kuma tambayi wani tsohon maharbi na wajen Mirriya da ya shekara arba'in da bindigar toka. Na ce, "Baba, tunda kuna ɗura taku ta baki, me ya hana a ɗura kwanso?" Ya ce, "Yaro, baƙin albarushi daban, na Bature daban." Ya ɗauko mini wani bututu da ya ajiye shekaru, ya tsage daga gindi kamar rake da aka fasa, gefunan sun lanƙwashe waje. Mai shi ya farke harsashin kanti ne ya juye albarushinsa a bindigar toka don ta ƙara ƙarfi. Ya rayu, amma da yatsu uku a hannun hagu. Ɗurin da ya yi rauni shi ma ba lafiya ba ne: toshiyar robar takan maƙale a tsakiyar bututu, harbi na biyu ya tarar da hanya a rufe. Mai farautar ƙarshen mako kwali biyu ko uku na 25 sun kai shi ƙarshen lokaci. Abin da zai rage da ɗuri bai kai kuɗin ɗinki ɗaya a likita ba, balle izinin da ya sha wata biyar yana nema.

In zan sake bin layin, takardun gida da gyaran suna zan fara, in sa maƙeri ya yi akwati, in bar kaziye sai kwana biyu kafin miƙa dosiye, kuma in fara tun farkon damina. Ni da na fara bayan girbi, lokacin da takarduna suka cika saura kaɗan a rufe farauta.

Ajiya ma tana da nata ƙa'ida a garinmu. Zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40 a inuwa, cikin mota a rufe ko ƙarƙashin rufin kwano kuwa ya fi haka nesa, kuma zafi yana tsofar da albarushi. Harsashi ɗakin ƙasa mai sanyi yake so, cikin kwalinsa, sama da daɓe saboda laimar damina. Wanda gindinsa ya yi tsatsa ko robarsa ta kumbura kada a harba. In ka ja kunama ba ta tashi ba, ka bar bakin yana kallon ƙasa can gaba ka ƙirga talatin kafin ka karya, don wani yakan yi jinkirin kamawa. Lokacin hunturu kada ka cika mai, ƙura ce za ta manne ta zama laka, shafa ɗaya da tsumma ya isa. Kuma kullum kafin ka sa harsashi ka karya bindiga ka ɗaga bututu wajen haske ka leƙa. Tawa, bayan ta yi wata biyu a rataye cikin akwatin da ban toshe ramin iskarsa ba, na leƙa ban ga haske ba: zanzaro ya gina ɗakinsa na laka kamar tsawon yatsa daga baki. Tun daga ranar nake ɗaure bakin da ɗan tsumma daga waje, ba cusawa ciki ba, don abin da aka cusa ana iya mantawa da shi. Parmin farauta na lokaci ɗaya ne, ana sabunta shi, kuma za a sake neman izinin bindiga da tsohon rasit. Na asali suna cikin akwati, kofi masu hatimi a leda cikin jakar farauta, su nake nunawa a shinge.